Ingancin Takardar Haƙƙin Ƙirƙira da Makomar Binciken da Aka Yi da Kuɗin Jama'a

Gabatarwa

A watan Afrilun shekarar 2000, ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na Amurka ya ba Jami'ar Rochester da ke jihar New York wata takardar haƙƙin ƙirƙira da take nema tun 1992. Masanan jami'ar sun gano cewa magungunan kashe raɗaɗi irin su asfirin suna toshe wasu sinadarai biyu masu kama da juna a jikin ɗan Adam. Ɗaya yana kare bangon ciki, ɗayan kuma, wanda ake kira COX-2, shi ke haddasa kumburi da zogi. Ke nan duk wanda ya samo maganin da zai toshe na biyun ya ƙyale na farkon, ya samo maganin ciwon gaɓoɓi da ba zai riƙa jawo gyambon ciki kamar na da ba. A lokacin, kamfanin Searle ya riga ya fito da irin wannan magani mai suna Celebrex, cinikinsa kuma ya shiga biliyoyin daloli. Jami'ar ba ta yi wata-wata ba ta garzaya kotu tana neman kasonta.

A 2003 kotu ta soke takardar, a 2004 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da sokewar. Ba wanda ya ce binciken ƙarya ne. Laifin na takardar ne: ta yi da'awar mallakar duk wata hanyar magani ta toshe COX-2, alhali ba ta bayyana ko da sinadari ɗaya da ke yin wannan aiki ba. Iyakar abin da ta nuna shi ne yadda za a bi a nemo shi. Jami'ar ta tashi a tutar babu, ga kuma ɗawainiyar lauyoyi.

Wannan maƙala tana kan ra'ayin cewa abin da ke kai binciken da aka yi da kuɗin jama'a kasuwa shi ne ingancin takardar da ta kare shi, kuma yawan takardu ba ya maye gurbin inganci. Batun ya shafi jami'o'in Nijeriya kai tsaye, domin sun shiga zamanin da ake alfahari da adadin takardun da aka yi wa rajista, a ƙarƙashin dokar da ba ta bincika ingancin ko ɗaya daga cikinsu.

Me ake nufi da inganci?

Takardar haƙƙin ƙirƙira yarjejeniya ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Shi zai bayyana wa duniya sirrin abin da ya ƙirƙiro dalla-dalla, ita kuma ta ba shi ikon hana kowa ƙera abin ko sayar da shi ba da izininsa ba na tsawon shekara 20 daga ranar da ya shigar da buƙata. Wanda ya san rigimar fili zai fahimci lamarin cikin sauƙi. Takardar fili ba ta da amfani sai in filin na mai takardar ne da gaske, an fayyace iyakokinsa, babu wani magaji da zai ɓullo daga baya, filin kuma yana inda mutane ke son gini. Waɗannan sharuɗɗa huɗu su ne dai ake auna takardar ƙirƙira da su.

Na farko, ta iya tsayawa a gaban alƙali: abin ya zama sabo fil, ba a taɓa wallafa shi ko nuna shi a ko'ina a duniya ba, ya kuma wuce abin da duk ƙwararre a fannin zai iya hangowa da kansa. Na biyu, iyakokin da'awarta su yi daidai da abin da aka ƙirƙiro. In sun yi faɗi fiye da bayanin da ke ciki, kotu ta rushe su kamar yadda ta yi wa Rochester; in sun yi ƙunci, abokin hamayya ya sauya ɗan abu kaɗan ya kewaye su. Na uku, mallakarta ta zama ba ta da tabo, a san su wa suka ƙirƙiro, a kuma ga rubutacciyar shaidar cewa kowannensu ya miƙa haƙƙinsa ga cibiyar da ke riƙe da takardar. Na huɗu, ta kare abin da masana'antu ke buƙata, a ƙasashen da ake ƙera shi ko ake sayensa, domin takardar kowace ƙasa iyakarta ƙasar.

Dalilin da ya sa jami'a ta fi kamfani buƙatar takarda mai ƙarfi

Kamfani yana da garkuwa da yawa. Yana da sirrin sana'a da ba ya faɗa wa kowa, da sunan da masu saye suka sani, da masana'anta, da dillalai. Ko takardarsa ta faɗi, zai ci gaba da ciniki. Jami'a ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Aikinta wallafawa ne, saboda haka ba ta da sirri. Ba ta ƙera kaya, ba ta da shago. Hajarta ɗaya tilo da za ta kai wa ɗan kasuwa ita ce takardar nan.

Shi kuma ɗan kasuwa lissafinsa a fili yake. Abin da ya fito daga ɗakin gwaji ɗanye ne. Kafin ya zama magani ko na'urar da za a saya, sai an kashe ninkin-ba-ninkin abin da aka kashe a binciken farko, kuma a fannin magunguna aikin yakan ci shekara goma ko fiye. Babu mai hankalin da zai zuba wannan dukiya in ya san cewa ranar da kayan suka karɓu, wani zai kwaikwaya a banza. Shi ya sa kafin kamfani ya sa hannu a kan lasisi, lauyoyinsa kan bi takardar layi-layi suna neman kafar da abokin hamayya zai bi ya karya ta. In suka samu, ciniki ya watse ko farashi ya faɗi warwas.

Tarihin Amurka ya nuna cewa tara takardu kaɗai ba ya haifar da komai. Kafin 1980, gwamnatin ƙasar tana riƙe da takardu kusan 28,000 da suka fito daga binciken da ta biya, amma waɗanda kamfanoni suka karɓi lasisinsu ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba. A ƙarshen wannan shekara aka kafa dokar da ta ɗauki sunan sanatoci biyu, Birch Bayh da Bob Dole, wadda ta bar wa jami'o'i mallakar abin da suka ƙirƙiro da kuɗin gwamnati, bisa sharaɗin su yi ƙoƙarin kai shi kasuwa, su kuma ba mai ƙirƙira kaso. Dokar ta warware matsalar wane ne mai abu. Ba ta warware matsalar inganci ba, abin da ya faru da Rochester bayan shekara ashirin ya isa shaida.

Takardu biyu da suka yi albarka, da ɗaya da ta yi tuntuɓe

Hukumar binciken kimiyya ta gwamnatin Ostareliya, CSIRO, misali ce ta abin da takarda mai ƙarfi ke iya yi. Masananta, ƙarƙashin jagorancin John O'Sullivan, sun ƙware wajen nazarin saƙonnin rediyo da ke zuwa daga sararin samaniya. Da wannan ilimi suka tunkari wata matsala takamaimiya: a cikin ɗaki, saƙon rediyo yakan bugi bango da kujeru ya riƙa amsa-kuwwa, har bayanan da yake ɗauke da su su cakuɗe. Suka samo hanyar magance haka, suka bayyana ta filla-filla, aka ba su takarda a Amurka a 1996. Da fasahar Wi-Fi ta mamaye duniya, manyan kamfanonin kwamfuta suka ƙi biya, wasunsu ma suka nemi kotu ta soke takardar. Ba su kai ga haka ba. A 2009 kamfanoni 14 suka yi sulhu suka biya, a 2012 wasu suka biyo baya, jimillar abin da hukumar ta samu ya haura dalar Ostareliya miliyan 400. Ta kuma zuba miliyan 150 daga ciki a wani asusun tallafa wa bincike. Abin lura shi ne, takardar ta kare mafitar matsalar da masu ƙera kaya ba su da hanyar kauce mata, an kuma yi mata rajista a ƙasar da kasuwar take.

Misali na biyu shi ne na Stanley Cohen na Jami'ar Stanford da Herbert Boyer na Jami'ar Kalifoniya, waɗanda suka samo hanyar yanko ƙwayar gado daga wata halitta a dasa ta a wata. Sun wallafa sakamakonsu a 1973 ba tare da tunanin takarda ba. Sai a 1974 shugaban ofishin lasisi na Stanford, Niels Reimers, ya ga labarin a jarida ya lallashe su, aka shigar da buƙata dab da cikar wa'adin shekara ɗaya da dokar Amurka ke bayarwa bayan wallafawa. Ƙasashen Turai ba su da wannan rangwame, saboda haka haƙƙin ya tsaya a Amurka kaɗai. Duk da wannan asara, takardar da aka samu a 1980 ta yi ƙarfi, domin ta bayyana hanyar da masanan suka riga suka gwada ta yi aiki. Stanford ba ta ba kamfani ɗaya shi kaɗai ba. Ta buɗe ƙofa ga duk mai so a kan kuɗi mai sauƙi, dala 10,000 a shekara tare da ɗan kaso daga ciniki. Kafin wa'adinta ya ƙare a 1997, kamfanoni fiye da 450 sun karɓi lasisi, jami'o'in biyu kuma sun samu fiye da dala miliyan 250.

Tuntuɓen kuwa ya samu Cibiyar Broad ta Amurka, ɗaya daga cikin manyan masu da'awar fasahar gyaran ƙwayar gado da ake kira CRISPR. A 2018 ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na Turai ya soke ɗaya daga cikin muhimman takardunta, aka tabbatar da hukuncin a 2020. Musabbabin ba na kimiyya ba ne. A buƙatun farko da aka shigar a Amurka akwai sunan wani masani na Jami'ar Rockefeller, amma a buƙatar da ta biyo baya babu shi babu jami'arsa. Wannan giɓi ya sa cibiyar ta rasa ikon jingina da ranar farko, sai wallafe-wallafen da suka fito tsakanin ranakun biyu suka zama hujja a kanta. In har cibiya mai tarin lauyoyi irin wannan za ta faɗi a kan sunan mutum ɗaya, ya kamata ƙananan jami'o'i su shiga taitayinsu.

Halin da ake ciki a Nijeriya

Dokar da ke kula da wannan fanni a Nijeriya ta 1970 ce. Ta gindaya sharuɗɗa irin na sauran ƙasashe: abu ya zama sabo, ya ƙunshi ƙirƙira ta haƙiƙa, ya kuma yi amfani a masana'anta. Sai dai ba ta ɗora wa magatakarda alhakin bincika ko an cika su ba. Aikinsa ya duba ko an cike takardu daidai an biya kuɗi. Dokar da kanta ta fayyace cewa ana bayar da takardar ce bisa kasadar mai ita, ba tare da lamunin ingancinta ba. Wanda ke da ja sai ya tafi Babbar Kotun Tarayya ya nemi a soke ta.

Ma'anar wannan ita ce, takardar da aka bayar a Abuja shaida ce cewa an yi rajista, ba shaida ce cewa an ƙirƙiro sabon abu ba. Malamin da ya karɓe ta yana iya rataye ta a ofis, amma kamfanin da ya san doka zai ɗauke ta a matsayin da'awar da ba a gwada ba tukuna. Bahaushe ya ce ganin Dala ba shiga birni ba.

Akwai kuma tarkon da masu bincike da yawa ba su sani ba. Dokar Nijeriya ba ta da rangwamen shekara ɗaya irin na Amurka. In ban da baje koli na ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi, wanda aka ba wa'adin wata shida, duk abin da ya fita ga jama'a kafin ranar shigar da buƙata ya daina zama sabo. Muƙalar da aka gabatar a taro, da kundin digiri da aka ajiye a ɗakin karatu ko aka ɗora a intanet, duk suna iya kashe takarda tun kafin a haife ta. Tunda ba a bincike, magatakarda zai bayar da ita duk da haka. Sai ranar da kuɗi ya shigo cikin maganar asiri zai tonu.

A gefe guda, tsarin ƙarin girma a jami'o'i da dama yana ba takardar ƙirƙira maki, hukumar NOTAP tana taimaka wa masu bincike wajen rajista ta kuma kafa ofisoshin kula da haƙƙin fasaha a manyan makarantu, asusun TETFund kuma yana zuba kuɗin haraji a bincike. Duk waɗannan matakai ne masu kyau. Amma in aka haɗa rajistar da ba a bincike da maki na ƙarin girma, an buɗe hanyar tara takardun da ba su da mai saye. Ƙasar Sin ta bi irin wannan hanya. Tallafin kuɗi da hukumominta suka riƙa bayarwa ga masu shigar da buƙata ya taimaka ta zarce kowace ƙasa a adadi, har buƙatun suka haura miliyan 1.5 a 2021. A farkon wannan shekarar hukumar da ke kula da fannin ta ba da umarnin janye tallafin, saboda yawan buƙatun da aka shigar don cin tallafi kawai.

Hujjojin masu ja

Wani zai ce binciken da talaka ya biya da harajinsa bai kamata a killace shi ba, a bar kowa ya amfana. Wannan magana tana da gaskiya a wurare da yawa. Sabon irin gero ko hanyar adana wake da manomi zai yi da kansa ba sa buƙatar takarda. Malamin gona da rediyo suke buƙata. Amma abin da ke buƙatar jari mai nauyi kafin ya isa hannun jama'a, in aka bar shi ba kariya yakan kwana a kan kanta, domin abin da yake na kowa ba mai kashe masa kuɗi. Misalin Stanford ya kuma nuna cewa riƙe takarda ba dole ya zama rowa ba. Mai takarda mai ƙarfi shi ke da ikon gindaya sharaɗi a kan farashi, ko ya ce a ƙera a cikin gida. Mai takarda mai rauni ba shi da bakin magana.

Wani kuma zai ce inganci kaɗai ba ya kai kaya kasuwa. Shi ma ya yi gaskiya, labarin Niprisan shaida ne. Cibiyar binciken magunguna ta tarayya da ke Abuja, NIPRD, ta haɗa wannan magani na sikila bisa ilimin wani mai maganin gargajiya, daga tsirrai huɗu da suka haɗa da masoro da kanumfari da dawa. Ta samu takarda a Amurka a 1998, wato takardar da ta tsallake bincike na ƙwarai. A 2002 aka ba kamfanin Xechem lasisi shi kaɗai, a 2006 aka ƙaddamar da maganin da sunan Nicosan. Bayan shekara biyu uwar kamfanin ta durƙushe, aka janye lasisin a 2009, maganin ya yi ɓatan dabo na tsawon shekaru a ƙasar da ta fi kowace yawan masu sikila, wa'adin takardar kuma yana ta ƙonewa. Darasin a nan shi ne, takarda mai kyau ce ta jawo mai zuba jari tun farko, amma zaɓen abokin hulɗa da rubuta yarjejeniyar lasisi suna buƙatar irin wannan kulawa.

Hujja ta uku ita ce tsada. Rubuta takarda mai inganci aikin ƙwararre ne da ya san kimiyya ya san doka, rajista a ƙasashen waje kuma da dala ake biya, ga kuɗin sabuntawa. Ko a Amurka, wani nazari da cibiyar Brookings ta fitar a 2013 ya nuna cewa mafi yawan ofisoshin lasisi na jami'o'i ba sa mayar da kuɗin gudanar da kansu. Takardu ƙalilan ne ke kawo kusan duk ribar. Amma wannan hujja ce ta goyon bayan zaɓe. Mai kuɗi kaɗan shi ya fi kowa buƙatar ya tara su a kan takarda biyu ko uku da za su tsaya, maimakon ya watsa su a kan hamsin.

Abin da ya kamata a yi

Gyaran farko yana hannun majalisun jami'o'i, ba ya kuma buƙatar sabuwar doka. A daina ba takardar rajista maki don kawai an same ta. Makin ya tabbata ga wadda ta tsallake binciken ƙwararru, ko wadda wani kamfani ya karɓi lasisinta, ko aka ga kayanta a kasuwa. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta haɗin gwiwar rajista a 2005, wadda ke ba mai buƙata damar samun rahoton bincike daga manyan ofisoshin duniya kafin ya yanke shawarar ƙasashen da zai kashe kuɗi a kansu. Wannan rahoto ma'auni ne da jami'a za ta iya dogara da shi tun yanzu.

Na biyu, masu bayar da tallafin bincike su ware kaso na musamman don binciken abin da aka riga aka wallafa da kuma biyan ƙwararren marubucin takarda, su kuma wajabta wa mai karɓar tallafi ya sanar da ofishin jami'arsa abin da ya gano kafin ya kai shi taro ko mujalla. Na uku, kowane aiki ya fara da rubutacciyar yarjejeniya a kan mallaka, musamman inda akwai ɗalibai, ko abokan aiki daga wata cibiya, ko masu ilimin gargajiya. Tun ran gini tun ran zane. Na huɗu, maimakon kowace jami'a ta buɗe ofis mai ma'aikaci ɗaya da bai taɓa ganin yarjejeniyar lasisi ba, jami'o'in shiyya ɗaya su haɗa ƙarfi su riƙe ƙwararru kaɗan da suka san aikin. A ƙarshe, dokar 1970 ta daɗe da isa gyara, domin a shigo da binciken inganci ko da a wasu fannoni ne kamar magunguna.

Kammalawa

Kuɗin da ake kashewa a bincike a jami'o'in gwamnati na jama'a ne, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Askin a nan shi ne sakamakon binciken ya koma ga masu shi a matsayin magani, ko na'ura, ko aikin yi, ko kuɗin da za a sake zubawa a ɗakin gwaji. Rochester da CSIRO duka sun yi bincike na gari; ɗaya ta rubuta abin da take fata, ɗayar ta rubuta abin da ta ƙera, sakamakonsu ya bambanta. Saboda haka duk lokacin da wata jami'a ta sanar da adadin takardun da ta samu a shekara, ya dace majalisarta ta nemi sanin nawa ne a ciki aka bincika, nawa aka ba da lasisinsu, kuma nawa ne za su tsira in aka kai su gaban alƙali.